Wai da gaske ne an juya kogin Shikago, yana gudu da baya?

Baraka ta rubuta:

Assalamu alaikum. Malamai da yayye, tambaya gare ni kan birnin Shikago na Amurka, wanda ke bakin Tafkin Mishigan. A taswira, kogin da ya ratsa tsakiyar birnin bakinsa a tafkin yake, duk wanda ya gani zai ce can yake zuba. Sai ga bayani wai ba haka ba ne, wai ruwan tafkin ne ke shiga kogin, kogin kuma ya ba tafkin baya ya yi yamma, kuma mutane ne suka juya shi da gangan. Ruwa dai gangare yake bi. To ta yaya ake juya kogi sukutum? Injin tura ruwa suka kafa ko me? Me ya kai su? In kuma aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ba ya komawa hanyarsa ta asali? Wanda ya san abin ya taimaka da bayani dalla-dalla.

Malam Ɗanjuma ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Gaskiya ne, kuma babu wani injin da ke tura shi. Ruwan yana nan yana bin gangare kamar yadda kika ce, gangaren aka canza masa.

Sai kin fara gane ƙasar wurin tukuna. Shikago a kan tsohon gindin tafki take zaune. Lokacin da ƙanƙarar da ta rufe yankin dubban shekaru da suka wuce ta narke, tafkin ya fi na yanzu faɗi, da ya ja baya sai ya bar fili shimfiɗe kamar tabarma, duk laka da yumɓu da fadama. Sunan garin ma daga harshen 'yan asalin wurin ya fito, sunan wata albasar daji ce da ke tsirowa a wannan fadamar. To 'yan mil kaɗan yamma da gaɓar akwai wani ɗan tudu, wanda ko kina tsaye a kansa ba za ki ce tudu ba ne, don bai kai mita biyar sama da fuskar tafkin ba. Amma shi ya raba ruwan yankin gida biyu. Ɗigon da ya faɗi gabas da shi tafkin zai shiga, ya bi ta Huron da Erie, ya faɗa Niagara, ya ratsa Ontario, ya fita Tekun Atlantika ta kogin St. Lawrence. Wanda ya faɗi yamma da shi kuwa kogin Des Plaines zai bi, ya shiga kogin Ilinoi, daga nan Misisifi, har Tekun Meksiko.

'Yan asalin ƙasar sun daɗe da sanin wannan wuri. Sukan shigo da kwalekwale ta kogin Shikago, in ruwa ya ƙare su sauka su ɗauke shi su keta fadamar, su sake saka shi a Des Plaines. Shekarar da ruwa ya yi yawa ma fadamar kan cika har a wuce ba a sauka ba. Su suka nuna wa Faransawa biyu, Jolliet da Marquette, hanyar a 1673, kuma tun a lokacin Jolliet ya lura cewa ɗan gajeren haƙa zai haɗa ruwayen biyu. Dalilin zaman garin ke nan gaba ɗaya. Baƙon da ya fara kafa gida na dindindin a bakin kogin, a shekarun 1780, baƙar fata ne ɗan kasuwa, Jean Baptiste Point du Sable. A 1837 da aka mai da wurin birni mutanensa wajen 4,000 ne, a 1890 sun haura miliyan ɗaya. Mashigin farko, wato hanyar ruwa da aka haƙa don jiragen ruwa na kaya, mai tsawon mil 96, a 1848 aka buɗe shi, shekarar da jirgin ƙasa ya fara tashi daga garin.

Jama'a irin wannan a kan fili marar gangare, ina ƙazanta za ta? Babu. Ruwan masai da na dabbobi yana kwance a titi, yana tsiyaya cikin rijiyoyi. Kwalarar 1854 ta kashe sama da mutum 1,400. A 1855 aka ɗauko injiniya Ellis Chesbrough daga Boston ya tsara magudanan ƙazanta, sai ya tarar titunan ba su fi tafkin tudu da wani abin kirki ba, in ya haƙa ya binne bututu ruwan ba zai motsa ba. Dabararsa: a shimfiɗa bututun a kan titi da ɗan karkata zuwa kogi, a zuba ƙasa a rufe, sabon titi ya hau kai. Titi ya tashi da mita ɗaya, wani wuri biyu ko fiye, ƙofofin gidaje suka koma rami. Sai aka shiga ɗaga gine-ginen da jak mai murɗi. A 1860 an ɗaga jerin shaguna da ofisoshi na bulo da dutse a titin Lake, tsawon mita 98, a lokaci guda: jak 6,000, ma'aikata 600, wato kowa da goma. Ana haƙa ƙarƙashin ginin a zura manyan katakai, a jera jak, da an ba da alama kowa ya ɗan murɗa nasa daidai da na ɗan'uwansa, don in gefe ɗaya ya riga ɗaya bango zai tsage. Kwana biyar suka ɗaga shi kusan mita ɗaya da rabi, magina na bin su suna cike sabon tushe, shagunan kuma a buɗe ana ciniki.

An gudu ba a tsira ba. Bututun sun kwashe ƙazantar daga titi sun zuba a kogi, kogi ya kai tafki, daga tafkin kuma ake sha. Ga babbar mayankar garin da aka buɗe a 1865 tana zuba jini da kayan ciki a wani reshen kogin. An gwada zurfafa tsohon mashigin a 1871 don ya ja kogin yamma, ya ɗan yi, amma ya yi ƙanƙanta, ruwan sama mai ƙarfi ɗaya sai kogi ya koma tafki. Taifot kaɗai ta kashe kusan mutum 2,000 a 1891.

Shi ya sa a 1889 aka kafa hukuma ta musamman, ta fara haƙa sabon mashigi ranar 3 ga Satumba 1892. Tsawonsa mil 28, wato kilomita 45, daga reshen kudu na kogin zuwa garin Lockport, zurfinsa sama da mita bakwai, faɗinsa kusan mita 49 inda aka fasa dutse, ya fi haka inda ƙasa ce. Kusan rabinsa cikin dutsen farar ƙasa aka sara shi da nakiya. Sirrin abin ɗaya ne: an yanka ɗan tudun nan har ƙasan mashigin ya faɗa ƙasa da fuskar tafkin sosai, sannan yana daɗa gangarawa yamma. Da aka fasa shingen ƙasa na ƙarshe ranar 2 ga Janairu 1900, nauyin tafkin da kansa ya tura ruwa cikin kogi. A gaggauce aka yi, ba biki ba ganga, don jihar Mizuri na shirin zuwa kotu, tunda birninta Sent Luwis daga Misisifi yake sha. Ranar 17 ga wata aka buɗe ƙofofin Lockport. Mizuri ta kai ƙara Kotun Ƙoli, ta sha kaye a 1906. Daga baya aka ƙara mashigi biyu, na arewa a 1910, da Cal-Sag a 1922 wanda ya juya kogin Calumet shi ma.

Injiniya Sale ya amsa:

Malam ya gama da tarihi. Bari in ɗauki tambayarki ta ƙarshe, Malama Baraka, don nan ne aikin yake har gobe. E, yana komawa. Ba da kansa ba, buɗe masa ake yi, kuma sai an rasa yadda za a yi.

Yanzu ba a bar tafkin ya kwarara yadda ya ga dama ba. Jihohin da ke kewaye da manyan tafkunan sun yi ta ƙara cewa Shikago na zuƙe musu ruwa, Kanada ma ta koka, har Kotun Ƙoli ta sa iyaka. Hukuncin 1967 shi ake bi: kada a ɗibi fiye da wajen tan 90 na ruwa duk daƙiƙa. A cikin lissafin har da ruwan shan da birnin da garuruwan kewaye ke ɗiba, da ruwan saman da da can zai gangara tafki amma yanzu yake tafiya yamma. Saboda haka an toshe duk inda kogi ya haɗu da tafki, wuri uku: Wilmette a arewa, bakin kogin a tsakiyar gari, da madatsar O'Brien a kan Calumet. Mafita kuma ɗaya ce, Lockport, inda ruwan ke faɗuwa wajen mita 12, har ana samun lantarki da shi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, mafi yawan ruwan da ke tafiya a mashigin yau, kusan kashi 70 cikin ɗari, ba na tafkin ba ne kai tsaye, ruwan ƙazanta ne da aka tace aka sako daga matatu irin su Stickney, wadda ke iya tace sama da galan biliyan ɗaya a rana.

A bakin kogin akwai akwatin wucewar jirage da aka gama a 1938, tsawon ƙafa 600, faɗin ƙafa 80. Kogin ana riƙe shi ƙasa da tafkin, galibi da ƙafa ɗaya zuwa huɗu. Jirgin da zai fita ya shiga akwatin, a rufe ƙofar baya, a ɗan tsaga ta gaba ruwan tafki ya shigo ya ɗaga shi, in ruwan ciki da na waje sun yi daidai a wangale. Kimanin kwata ake yi.

Ga inda gizo ke saƙar. Tun zamanin Chesbrough bututu ɗaya ne ke ɗaukar ruwan masai da ruwan sama tare. Ranar da ba ruwa, komai ya tafi matata lafiya. Ranar hadari mai ƙarfi bututun ya cika cikin mintuna, dole rarar ta sami mafita, ko kogi ko ɗakunan ƙarƙashin gidajen mutane. Ga yadda ake bi da abin, bi da bi. Da an hango hadari a hasashe, sai a buɗe Lockport tun kafin ɗigon farko a rage ruwan mashigin, a samar da wuri. In bututun gari sun cika, rarar na faɗawa ta wasu rijiyoyi zuwa babban ramin ƙarƙashin ƙasa da aka fara haƙawa a 1975 aka gama a 2006: mil 109 cikin dutse, zurfin mita 45 zuwa kusan 100, faɗin wasu sassan mita goma. Ramin kaɗai yana ɗaukar galan biliyan 2.3, wanda ba komai ba ne ga babban hadari, shi ya sa aka haɗa shi da manyan ramukan ajiya. Na Thornton, tsohon ramin fasa dutse ne, an buɗe shi a 2015 da galan biliyan 7.9, kashin farko na McCook kuma a 2017 da biliyan 3.5. In hadari ya wuce sai a tsotso ruwan sannu a hankali a kai matata. Matsalar, kwashewar na cin kwanaki, in hadari na biyu ya biyo kafin a gama, wurin a cike yake. To nan ne ƙazantar ke malala cikin kogi, kogi ya fara hawa. In ya kai inda zai shiga tashoshi da ƙasan gine-ginen tsakiyar gari, sai a buɗe ƙananan ƙofofi zuwa tafki, in bai isa ba a wangale ƙofofin akwatin jiragen gaba da baya. An yi haka a Satumbar 2008, da Afrilun 2013, da Mayun 2020, da Yulin 2023. Bayan irin haka akan rufe wuraren wanka na bakin tafki, a sa ido kan ruwan sha.

Akwai wani ƙulli a nan. Ƙofar ba ta da amfani sai kogi ya fi tafkin tudu, in ba haka ba buɗewa ƙara masa ruwa za ta yi. Tafkin kuwa ba ya zama wuri ɗaya. A Janairun 2013 ya yi ƙasa irin wanda ba a taɓa aunawa ba, zuwa 2020 ya hau da sama da mita ɗaya da rabi. Shekarar da tafki ya cika, sai an jira kogi ya yi hawan da ya riga ya fara ɓarna kafin a iya buɗe masa.

Ga mai gida kuwa, ruwan ta magudanar da ke tsakar ɗakin ƙasa yake ɓullowa. Magani uku ake yi, daga mai araha zuwa mai tsada: a cire indararon rufi daga bututun ƙazanta ya zuba a ciyawa, a sa bawul mai buɗewa waje ɗaya a kan bututun gidan, ko a ɗaga bututun gidan gaba ɗaya ya fita ta saman ɗakin ƙasa, abin da ke ƙasa kuma ƙaramin injin ya tura shi sama. Bawul ɗin in ba a share shi, tsumma ɗaya ya isa ya hana shi rufewa. In kuma kin ga hoton titin Shikago da ruwa kwance bayan hadari, ba lallai toshewa ba ce, an sa wa magudanan titi da yawa matsattsen baki da gangan don titi ya riƙe ruwan na 'yan awoyi.

Baraka ta sake rubutawa:

Allah ya ƙara sani, Malam da Injiniya. To ruwan shan fa, har yau daga tafkin ne? Sannan na ga an rubuta wai annoba ta kashe mutum 90,000 a 1885, wai ita ta sa aka juya kogin.

Hajiya Kulu ta amsa:

'Yata, wannan labarin na 90,000 ki ajiye shi. An yi gagarumin ruwan sama a Agustan 1885, ya kuma tura ƙazanta cikin tafki ya tsorata hukumomi, amma wannan annobar ba ta auku ba, rajistar mace-macen shekarar ba ta nuna wani abu kusa da haka ba. Daga baya aka ƙaga labarin, aka yi ta kwafa.

Kuma zan ɗan ƙara kan maganar Malam Ɗanjuma. Juya kogin ya rage taifot, amma abin da ya karya lagonta shi ne sinadarin kulorin da aka fara zubawa a ruwan sha a 1912. Juyawar ba ta tace komai ba, ta dai tura wa na ƙasa ne. Saman kogin Ilinoi ya yi shekaru kifi ba ya rayuwa a cikinsa, sai da aka gina matatu daga shekarun 1920.

Ruwan sha daga tafkin yake, amma ba daga baki ba. Chesbrough ne dai ya fara: tsakanin 1864 da 1867 ya haƙa rami mai faɗin ƙafa biyar, an jera masa bulo, ƙarƙashin gindin tafkin har mil biyu, ya ɓullo a wani katafaren akwatin katako da aka nutsar da duwatsu. In kin duba hoton tafkin daga gari za ki hango wasu gine-gine kewayayyu can nesa kamar rumbu a tsakiyar ruwa, jikokin wannan akwatin ne. Ruwa na shiga ta ƙofofin da ke jikinsu a ƙasa, ya faɗa rijiya, ya bi rami zuwa matata. Da can akwai masu gadi da ke kwana a ciki, babban aikinsu da sanyi shi ne fasa ƙanƙarar da ke toshe ƙofofin, har da 'yar nakiya. Akwai wata hasumiyar ruwa ta dutse a titin Mishigan, ta 1869, amma ba tanki ba ce: dogon bututu ne a tsaye a cikinta, wajen mita 42, don kwantar da bugun injin tururi, kada ruwa ya riƙa zuwa famfo da fizga. Ta tsira a babbar gobarar da ta ci birnin a 1871, amma rufin gidan injin da ke gabanta ya kama ya rufta, ruwa ya ɗauke, daga nan 'yan kwana-kwana suka zama 'yan kallo.

Yau matata biyu ce, Jardine ta 1964 kusa da Navy Pier, da ta kudu. Matakan su ne kulorin, sai alif don ƙurar ta dunƙule, a juya a hankali, a bar shi ya kwanta, a tace ta yashi da tsakuwa, a ƙara fuloraid saboda haƙora, da fosfet. Wannan fosfet ɗin shi ne abin lura. Dokar ginin birnin ta wajabta bututun darma daga titi zuwa gida har 1986, akwai irinsu wajen 400,000. Fosfet na yi wa cikin bututun shafe don kada darmar ta narke. In aka haƙa titi aka girgiza bututun, shafen ya ɓare. Shi ya sa ake gaya wa masu tsofaffin gidaje su bar famfo ya zuba na minti biyar in ruwa ya kwana a bututu, kuma kada su dafa abinci da na famfon zafi.

Yaya Habu ya amsa:

Ƙanwata, manya sun cika ki da bututu, bari in fito da ke sama.

Abin da ya bambanta Shikago da sauran biranen tafkunan shi ne ƙazamin aikin duk an tura shi kogi da Calumet, bakin tafkin kuma aka bar wa jama'a. Ba a banza aka samu ba. Tun 1836 aka rubuta a taswirar filaye cewa wani yanki na gaɓar zai zauna fili ba gini har abada, sai wani attajiri, Montgomery Ward, ya shafe kusan shekara ashirin daga 1890 yana shari'a da masu son gini a wurin, ana zaginsa a jaridu, ya kuma ci. Tsarin raya birnin da mai zanen gine-gine Burnham ya fitar a 1909 ya ɗora a kai. Yau akwai hanyar ƙafa da keke mil 18 a bakin ruwan, wuraren wankan kyauta ne. Filin kansa yawancinsa cikowa aka yi: da can ruwa na zuwa dab da titin Mishigan, ɓaraguzan gobarar 1871, wadda ta ci gine-gine wajen 17,500 ta bar mutum 100,000 ba matsuguni, a nan aka fara zuba su.

Sai dai "na kowa" ɗin nan da sauransa. Baƙaƙen fata da suka yi ta tahowa daga jihohin kudu ta jirgin ƙasa, daga wajen 44,000 a 1910 zuwa sama da 230,000 a 1930, an matse su a wani siririn yanki na kudancin gari, inda kiɗan bulus na lantarki da waƙoƙin coci na gosfel suka yi ƙarfi daga baya. Har cikin ruwa akwai iyakar da ba a zana ba. Ranar 27 ga Yulin 1919 wani yaro, Eugene Williams, ruwa ya ja shi ɓangaren da Turawa ke wanka kusa da titi na 29, aka yi ta jifa, ya nutse. Rikicin da ya biyo baya ya ci rai 38.

Ga mai neman hanya, tafkin shi ne alƙibla: kullum gabas yake. Lambobin gida daga mahaɗar titin State da Madison suke farawa, lamba 800 mil ɗaya ce. Belmont 3200 arewa, mil huɗu ke nan. Devon 6400, mil takwas, can ne shagunan 'yan Indiya da Pakistan da mahautan halal suka taru. Western 2400 yamma, mil uku. Lissafin ya ɗan karkace a mil uku na farko ta kudu, inda titi na 12 da na 22 da na 31 ne ke cika mil-mil, daga nan ya daidaita.

Tafkin faɗinsa ya kai kilomita 190, ba a hango ƙetare, kuma halin teku gare shi. Da bazara ruwan na nan da sanyinsa, iskar da ke tasowa daga kansa sai ta sa bakin gaɓa ya fi unguwannin yamma sanyi sosai, masu hasashen yanayi kullum sai sun ware shi daban. Dusar ƙanƙarar da tafkin ke haifarwa kuwa galibi Indiyana da jihar Mishigan take sauka, don iskar hunturu daga yamma da arewa maso yamma take zuwa. Akwai kuma wani abu da yake yi: guguwa ta tura ruwan gefe guda, ya dawo kamar ruwa a kwano. A 26 ga Yunin 1954 irin wannan ya taso da wajen mita uku, da safe ba hadari a gari, ya share masu kamun kifi daga kan gadar dutse, mutum takwas suka rasu.

Kogin ma ya shiga al'ada. Tutar garin zanen shuɗi biyu ne na ruwa da jajayen taurari huɗu, alamar Y da za ki gani a jikin gadoji kuma inda rassan kogin suka haɗu ce. Duk watan Maris, tun 1962, ƙungiyar masu aikin famfo na rina kogin kore don bikin 'yan asalin Ailan. Asalin rinin na aiki ne, da shi suke gano gidan da ke satar zuba ƙazanta a kogi. Da farko rini mai nauyin fam 100 suka zuba, kogi ya yi mako yana kore. Yanzu wajen fam 40 ne na wani gari ruwan lemo, ana barbaɗa shi daga ƙaramin jirgi wani na biye yana dama ruwan, da ya taɓa ruwa ya koma kore shar.

Injiniya Sale ya ƙara da cewa:

Saura abu ɗaya da ba a taɓo ba. Hanyar da aka buɗe wa ƙazanta ta fita, kifi ma ya gan ta. Tudun nan da aka yanka shi ne katangar da ta raba halittun Misisifi da na manyan tafkuna. Wata 'yar halitta mai ɓawo kamar ƙumba, da jiragen ƙetare suka shigo da ita tafkunan a ƙarshen shekarun 1980, wadda ke manne wa bakin bututun ruwa ta toshe shi, ta nan ta gangara Misisifi. Yanzu kuma tsoron na masu hawowa ne, wasu manyan kifaye 'yan asalin Asiya da suka kuɓuce daga tafkunan kiwo a kudu suka cika kogin Ilinoi, ɗaya daga cikinsu in ya ji ƙarar inji tsalle yake ya faɗo cikin jirgi. Tun 2002 aka shimfiɗa ƙarafa a ƙasan mashigin a garin Romeoville ana sakar wa ruwan lantarki, kifi in ya matso ya ji zafi ya juya. Raunin shingen guda biyu ne: ƙaramin kifi bai cika jin wutar kamar babba ba, sannan in manyan kwale-kwalen kaya na ƙarfe suka zo wucewa a haɗe, 'yan kifaye kan maƙale a ruwan da ke tsakanin ɗaya da ɗaya a ja su har ƙetare. Shi ya sa sabon shingen da aka tsara a madatsar Brandon Road kusa da Joliet ya haɗa lantarki da labulen kumfa da ƙara a cikin ruwa, da akwatin jirgi mai wanke kansa da ruwan kogin da ke gangarowa kafin a buɗe wa jirgi ya hau.